Furen Albasa a Bayan Ɗakina

Sanyi ya fara janyewa. Jiya ban nemi a hura mini gawayi da asuba ba, yau kuma tun hantsi na tuɓe rigar sanyi na shimfiɗa ta ƙarƙashina. A irin wannan lokaci, tsakanin fitar ɗari da shigar bazara, furen albasa ke rufe lambun da ke bayan ɗakina. Tun ina amarya a gidan nan na Illela nake ganinsa kowace shekara. Bana in na leƙa ta taga, tulin yashi nake gani da bulo.

Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla. Jikata Balkisu ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Na ce mata kada ta gyara mini magana don ta kare ubanta, ta ce to. A gefena akwai ƙwarya da ruwa, na rufe ta da faifai. Irin albasa na zuba a ciki, na ƙarshe da ya rage mini a duniya. Haka muke gwada iri: mai rai ya nutse, fanko ya taso sama. Na zuba na rufe da sauri, ban duba ba, don zuciyata ba ta kai ba. Sai na gama magana za a buɗe.

Kwanakin baya Balkisu ta nuna mini hoto a waya, wai lambun wasu mutane ne a ƙasar Turawa. Ƙanƙara ta zubo ta rufe shi fari fat, kowane icce ya sha rawani.

Ta ce, "Kaka, kin taɓa ganin kyau awa wanga?"

Na ce, "Ke da kika tashi kina satar mini tumatir a bayan ɗaki, ke za ki tambaye ni? Nasu yana ƙamshi? Akwai zuma a kansa?"

Ta yi dariya, ta ce tsohuwa ba ta yarda a fi ta. Ban yi dariya ba. Ranar ce aka sauke yashin farko.

Lambun ba babba ba ne. In ka tsaya bakin rijiya ka jefa ƙwallon goriba, bayan darni zai faɗa. Lalle ne ta gabas, zogale ta yamma, ga lemun tsami guda kusa da rijiya. Tsakiya kuwa marigayi mai gidana ya yanka ta komaye, wato ƙananan fakitai masu baki da ake cika wa ruwa ɗaya bayan ɗaya. Da damina ba shi da wani kyau, ciyawa ce da kwaɗi. Kyansa sai sanyi ya shigo. Lokacin da gonaki suka bushe, daji ya koma kara da ƙasa, sai ka tura ƙofar zana ka tarar da kore har ya cika maka ido. Da sassafe rijiya takan yi tururi, ruwanta da ɗumi kamar an jiƙa shi a bakin murhu. Raɓa takan kwanta a ganyen kabeji ƙwaya-ƙwaya, in rana ta taɓa ta sai ka ce an watsa tsakiya. Latas a cunkushe, karas na kaɗa gashi, lawashi a tsaye kamar sahun salla. Hannu na tsagewa, diddige na faso, hanci na zuba, amma ban taɓa jin wanda ya shiga ya ce yana son fita ba.

Albasar iri ita ce uwar lambun. Wajen uban mai gidana aka gaje ta, shi ma wajen nasa uban. Ja ce mai siririn wuya, ba ta ruɓa da wuri. In an cire albasa, mai gidana yakan zauna ya zaɓi masu kyau ɗaya-ɗaya, ya jera su a rudu, rumfar da muke ajiye albasa don iska ta riƙa ratsa ta. Duk damina ana juya su, ana fidda wadda ta lalace. Da sanyi ya kama sai ya wasa wuƙa, ya fille wa kowace kai, ya shafa toka a wurin yankan, ya dasa. Kawunan da ya fille nawa ne, na miya. Kowace albasa sai ta fid da karare masu rami a ciki, kowane kara da 'yar hula a kansa. Sai a yi ta ban ruwa ana jira. Ranar da hulunan suka fashe, lambu ya zama fari, dunƙule-dunƙule har ƙirjin mutum, zuma na kuka a kai tun safe. Daga nan sai haƙuri, don ba a yanke kai sai baƙin ƙwaya ya leƙo. Wanda ya yi gaggawa ya yanke fanko.

Shekarar da nake so a rubuta ban san lambarta ba. Mu dai muna ce mata shekarar da tabkin Kalmalo ya janye. Ruwa ya zo aka yi shuka, rana ta ƙone ta. Aka sake, ta tsiro, gero ya kai gwiwa, ya fara ciki, sai sama ta kulle. Kullum hadari ya taso ta gabas, mu fito da tukwane, iska ta kore shi. Da kaka ta zo, abin da mai gidana ya kawo daga gona a kan jaki guda ya zo, kuma rabinsa ƙaiƙayi. Masu zuwa Kalmalo suka ce suna tafiya da ƙafa inda dā ake tuƙa jirgi, kifi ya mutu cikin laka yana wari. Mutanen arewa suka fara tsallako iyaka da shanu waɗanda kana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa.

Mu huɗu ne a gida. Ni, da mai gidana, da ɗana na fari, uban Balkisu, lokacin muryarsa ta fara buɗewa, sai ƙaramar 'yata Rabi, wadda ba ta daɗe da famfara ba. Tsakaninsu na binne biyu tun suna goye.

Abinci ya tafi bi da bi. Gero ya ƙare, muka koma dawa. Dawa ta ƙare, muka koma garin rogo, ana jiƙa shi da ruwa mai yawa don ya kumbura. Tuwo ya koma kunu, kunu ya koma ruwan kunu. Na daka dusar da dā nake ba awaki. Tafasar da na shanya da damina ta ƙare, na bi mata daji tsinkar anza, 'ya'yan iccen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su ana sauya ruwa kwana da kwanaki kafin su ciwu. Ko an dafa, ɗacin na nan a maƙogwaro. Rabi takan sa a baki ta riƙe, ta dube ni, ta haɗiye don kada in yi kuka.

A cikin wannan hali albasar iri na nan a rudu, jajur, cike da rumfa.

Wata safiya, sanyi ya fara shigowa, wani mutum ya durƙusar da raƙumi a ƙofar gida. Daga wajen Ƙonni, tsallaken iyaka, ya fito, ya ji labarin albasarmu. Ina bayan zana ina jin su. Ya ce masu lambu a wajensu duk sun cinye irinsu ko sun sayar, zai ba da buhun gero a ba shi abin da ke cikin rudu. Na leƙa ta ƙofar zana na ga buhun a gefen raƙumi, ɗaure da igiya, cikinsa a cike. Wallahi daga inda nake na ji ƙamshin geron.

Mai gidana ya ce, "Ka yi haƙuri, ba ta sayarwa ba ce."

Mutumin ya ce, "Malam, ka duba ɗiyanka hwa. Albasa ba ta zama tuwo."

Ya ce, "Na gode. Allah ya kai ka lafiya."

Da ya shigo na tare shi a tsakar gida. Ban taɓa tare shi da magana a tsaye ba sai ranar.

Na ce, "Ka kira shi. Bai yi nisa ba."

Ya ce, "Buhu guda wata nawa zai kai mu? In ya ƙare, mi za mu shuka? Mi za mu ci baɗi?"

Na ce, "Wa ya ce maka za mu kai baɗi? Ka dubi wuyan yarinyar ga."

Ya dubi Rabi. Tana zaune bakin murhu tana jin ɗumin toka, kanta ya fi ƙarfin wuyanta. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ce, "Allah na nan," ya ɗauki wuƙa ya tafi wasawa.

Ba mugu ba ne, Balkisu, rubuta wannan. Rabonsa na kunu yakan kurɓa sau biyu ya tura wa yara, ya ce ya ci wani abu a kasuwa, alhali ban ga ranar da ya je kasuwa ba. Amma ya ƙi kiran mai raƙumi.

Aka dasa albasa. Kawunan da ya fille na tara su a ƙwarya, muka yi kwanaki muna dafa su da gishiri da ganyen zogale. Ranar farko Rabi ta sha romon har tana lashe ludayi, ta ce, "Inna, yau salla ce?"

Daga nan aiki ya koma na ruwa. Rijiya ta fara ja da baya, igiyar jigo ba ta kai. Jigo shi ne doguwar sandar nan mai dunƙulen laka a gindi, da ake ɗaga guga da ita. Aka ƙara igiya, aka sake ƙarawa, daga baya guga ya riƙa fitowa da laka. Sai yasar rijiya, a shiga ciki a kwashe laka. Mai gidana ya yi nauyi ga igiyar da muke da ita, ni kuma ba zan iya riƙe shi ba, don haka ɗana ke shiga. Bayan sallar asuba a ɗaura masa igiya a ƙugu, ba riga, a zura shi. Yana haƙa yana cika guga, ubansa na ja, ni ina kwashe lakar. In ya fito leɓensa ya yi toka, haƙoransa na haɗuwa, cikinsa ba komai sai ruwan kunun jiya. Ba ya kuka, ba ya magana. In rufe shi da zanena a bakin wuta, in kau da kai, don ɗan fari ne, ba a nuna masa. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta lallashinsa a gaban mutane. Haka na tarar, haka na yi.

Ruwan da ya taru a raba shi. Tulu guda na sha da alwala, sauran na albasa. Kabeji da latas da karas duk muka bar su suka mutu, ba ruwan da za a ba su. Wanki sai ranar Juma'a, shi ma ruwan wankin a gindin albasa yake ƙarewa. Ina ɗaukar tulu ina bin komaye, ƙafata cikin laka mai sanyi kamar ana yanka ta da reza, ina zuba wa albasa ruwa ina jin tarin 'yata daga ɗaki.

Albasar kuwa ta yi kyau. Ban san dalili ba. Ko don ita kaɗai ta rage tana shan takin da dā ake raba wa kowa. Ganye ya fito kore shar, mai kauri, har da sheƙi. Duk unguwa ba wani abu kore sai bayan ɗakina. Awakin mutane kan zo su jingina da darni suna kuka. Nakan saci ganye ɗaya-ɗaya daga gefe in sa a ruwan kunu, mai gidana yana gani yana yin kamar bai gani ba.

Tari ya kama Rabi tun tsakiyar sanyi. Na dafa mata ganyen lemun tsami, na gasa mata ƙirji da tsumma, an karɓo rubutu ta sha. Jikin da ba abinci ba ya riƙe magani. In rana ta fito nakan ɗauke ta, ba ta fi kaza nauyi ba, in zaunar da ita jikin darni a lulluɓe, inda iska ba ta bugu. Nan take wuni tana kallon lambu. Da karare suka tashi da hulunansu, ita ta fara gani.

Ta ce, "Inna, sun sa hula awa masu zuwa Idi. Yaushe za su cire?"

Na ce, "Sai sanyi ya tafi."

Ta ce, "In sun cire, Baba zai ba ni guda in sa a kitso?"

Ubanta na bakin jigo, ya ce, "Wadda ta fi duka girma, ke za a ba."

Kullum da safe sai ta tambaya ko sun cire. Kullum in ce saura kaɗan. Daga baya ta daina tambaya, sai dai ta juya ido wajen ƙofar zana, in gane, in ɗauke ta.

Da hantsi ta rasu, a kan cinyata, jikin darnin nan. Hulunan duk a rufe. Ubanta ya ɗauke ta a tabarma, wanta na biye da shi. Da suka dawo daga maƙabarta rana ta yi sama, albasa ba ta sha ruwa ba. Mai gidana ya tsaya a tsakar gida kamar wanda ya manta hanya. Sannan ya wuce bakin rijiya. Ina ɗaki cikin mata ina jin kukan jigo.

Ba a gama zaman makoki ba hulunan suka fashe. Ban taɓa ganin fure irin na shekarar ba, kafin ta ko bayanta. Lambu ya yi fari tun daga rijiya har darni, ba ka ganin ƙasa. Da safe raɓa ta kwanta a kai, rana ta fito, sai ya riƙa ƙyalli har ido ba ya iya tsayawa. Zuma ta zo daga inda ban sani ba, a shekarar da ko furen ƙaya babu a daji, kukanta har cikin ɗaki. Ƙamshin ya cika gida, mai zaƙi da ɗan yaji. Mata masu zuwa gaisuwa in sun fita kama ruwa sai su daɗe. Wata maƙwabciyata ta dawo ta zauna, ta manta inda take, ta ce, "Tubarkalla, ban taɓa ganin lambu awa wanga ba." Sai ta kama baki. Na ce mata ba komai, gaskiya ta faɗa. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da ya yi muni da na samu abin zagi.

Mai gidana ya yanko dunƙulen da ya fi girma, tun bai nuna ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya shigo ya ajiye a kan tabarmar Rabi, ya fita. Har bazara ta shigo magana tsakaninmu ba ta wuce ga ruwa, ga kunu.

Ko buhun nan zai tsayar da ita? Ban sani ba. Shi ma bai sani ba har ya koma ga Allah. Kwana ya ƙare, na yarda, ni Musulma ce. Amma na ga buhun da idona.

Zafi ya sauko, baƙin ƙwaya ya leƙo. Muka riƙa yanka kawuna waɗanda suka nuna, muna shanyawa a zana, na murje, na sheƙe. Da na zuba a ƙwaryar ruwa, iri ya tafi ƙasa kamar tsakuwa, abin da ya taso bai rufe bakin ludayi ba. Kafin a jima labari ya zaga. Masu lambu daga Kalmalo da Lafani da Darna suka riƙa sallama, kowa ya cinye irinsa, kowa na neman na dasawa baɗi. Wannan ya kawo gero, wancan dawa, wani wake, wanda ba shi da komai a ba shi don Allah. Da wannan muka ratsa bazara, zafin da ko kare ba ya fita, har ranar da hadari ya taso bai watse ba. Na tuna ƙamshin ƙasa a ranar, da yadda ɗana ya fita tsakar gida ya tsaya cikin ruwa, ba ya wasa, ba ya gudu, a tsaye kawai. Ranar na tuƙa tuwon gero na gaske. Na raba malmala, hannuna ya ajiye ta huɗu da kansa.

Irin da muka rage wa kanmu mai gidana ya zuba a gora da toka, ya liƙe baki da laka. Dā a ɗakinsa yake rataye ta. Shekarar ya shigo ya rataye ta a nawa. Tun ranar ni ke riƙe da ita. Kowace shekara na zaɓa, na fille kai, na shafa toka, na jira fure, har bayan rasuwarsa, har lokacin da sai an riƙe ni nake sunkuyawa. Mutane na cewa tsohuwa na son lambu. Ba so ba ne. In irin nan ya ɓace, to a kan mi aka hana Rabi gero?

Yanzu rijiya na da inji. A kunna shi ruwa ya zubo, ba jigo, ba igiya a ƙugun kowa. Iri a gwangwani ake sayar da shi a kasuwa, da hoton albasa a jiki. Illela ta cika, motoci na kwana a layi bakin iyaka, kowane taku na ƙasa ya zama shago. Ɗana ya zama Alhaji, yana fataucin kaya tsakanin nan da Ƙonni. Ban rasa ci ba, ban rasa sutura ba, ba zan yi masa ƙarya ba. Da aka raba gado lambun a rabonsa ya faɗa, ya bar mini shi shekaru. Bana ya ce zai gina wurin ajiye kaya.

Na aika Balkisu ta ce masa ban hana ba, ƙasarsa ce, amma a jira iri ya nuna. Fure ya riga ya buɗe, abin da ya rage bai fi a ga sabon wata ba. Ta dawo ta ce ya ce an riga an yi magana da magina, so ake a rufe gini kafin ruwa. Na aika ƙanen ubansa, tsoho mai sanda, ya dawo da amsa iri ɗaya. Sai na ɗauki tawa sandar.

Na tarar da ɗana bakin rijiya da magina, suna jan igiyar awo ta tsakiyar fure. Lambun fari fat, zuma na kuka. Da ya gan ni ya cire hula ya rusuna.

Ya ce, "Inna, da kin aiko. Mi ya fito da ke cikin rana?"

Na ce, "Na aiko har sau biyu."

Ya sallami magina suka koma gefe. Ya ce, "Inna, iri na nan kasuwa, wanda ya fi wanga. Gobe in cika miki ɗaki da shi."

Na ce, "Wanga nike so."

Sai na yi abin da ban taɓa yi ba tun ranar da aka raɗa masa suna. Rubuta shi, Balkisu, na riga na faɗa sau ɗaya, kunyar ta tafi. Na ce, "Garba."

Ya ɗago kamar an mare shi. Mutum mai furfura, idonsa ya kawo ruwa.

Na ce, "Garba, ka bar ni in yanke irin Rabi."

Da ya buɗe baki muryarsa ƙasa-ƙasa take, kada magina su ji.

Ya ce, "Irin Rabi? Inna, ni anka zura cikin ramin ga. Ina ƙasa ina haƙa, ina jin tarinta na sauko mini. Ni na bi Baba da ita a tabarma, munka dawo ya ce in riƙe mishi guga. Kowace shekara in furen ga ya buɗe, ba ni iya cin abinci a gidan ga. Kin taɓa lura? Na jira Baba ya tafi, na jira ki gaji, ba ki gaji ba. In na bari bana, baɗi za ki dasa. Yau kin kira sunana, Inna. Don albasa."

Ina ta kallon hannunsa, inda igiya ta bar masa tabo. Ya durƙusa ya ce in gafarce shi. Na ce na gafarta. Ya tashi ya kira magina.

Washegari suka shiga da lauje. Na zauna jikin darni, wurin da na saba, ina kallo. Ba su ɗauki lokaci ba. Zuma ta yi ta zagaya wurin har azahar tana neman abin da ta bari jiya. Wani cikin maginan, ɗan mutanen kirki, ya tattaro mini kawunan a buhu, ya ce, "Hajiya, ko za su yi wani amfani." Na duba, ƙwayar fara ce, in ka matsa sai ruwa. Duk da haka na shanya a inuwa da kararensu, ko za su ƙarasa shan abin da ya rage a jiki. Suka bushe, suka yi baƙi-baƙi. Na murje, na sheƙe a hankali, don ko numfashi na ɗauke su. Gorar kuwa ba komai cikinta, tsohon iri ba ya wuce shekara da rai, na bara na riga na shuka, albasar da ya bayar tana ƙarƙashin yashi.

Na gama. Ajiye alƙalamin... a'a, riƙe shi, ki rubuta abin da kika gani. Ɗaga faifan.

Ta ɗaga. Na ce ta matso da ƙwaryar, idona ba ya gani daga nesa. Ƙwayoyin iri sun rufe saman ruwan baƙi ƙirin, daga baki zuwa baki. Na sa yatsa na ture su gefe, na leƙa ƙasa. Gindin ƙwarya fari tas.

Balkisu ta ce, "Kaka, a bar shi zuwa la'asar, wataƙila wasu su nutse."

Na ce mai rai ba ya jiran la'asar.

Ta ce ina za ta zubar. Na ce ta zagaya bayan ɗaki, ta bi jikin sabon bango ta gabas, inda kututturen lalle ya rage. Nan darni yake dā, inda Rabi ke zama. Ta zuba a nan, a hankali, kada ta watsa.